Laifin Yawo

A tashar Kawo, ko a bakin titin Mando a Kaduna, idan dattijo ya ga saurayin da ya sani ya rataya jaka, gaisuwarsu ba ta cika sai ya ɗora mata tambaya: "Sai ina kuma, ɗan nan?" Ba bin diddigi ne ya sa shi tambayar ba, haka harshen ya saba. Amsoshin ma sanannu ne, kowace da addu'ar da ke bin bayanta. In yaron ya ce Zariya za shi gaishe da kakarsa, a ce Allah ya bar zumunci. In Kano za shi saro kaya, Allah ya ba da kasuwa. In makaranta zai koma, Allah ya ba da ilimi mai amfani, in kuma ta'aziyya ce, Allah ya jiƙan Musulmi. To, a ƙaddara saurayin ya amsa da cewa, "Baba, Kufena za mu, mu hau dutsen, mu ɗan zauna a kai, mu sauko." Dattijo zai yi jim, sannan ya ce, "Ajiya kuka yi a can?" Babu addu'ar da aka tanadar wa wannan tafiya, don ba ta da suna na mutunci. Sunan da ya rage mata ɗaya ne, yawo, kalmar da ta daɗe tana ɗauke da laifin da ba ita ta aikata ba. A ganina kuwa, duk cikin kalmomin tafiya da Hausa ta mallaka, babu wadda ta kai wannan da muka raina iya faɗa mana halin da ƙasa take ciki.

Hausa ba ta yi wa tafiya rowar suna ba. Akwai fatauci, akwai ci-rani, akwai almajiranci. Sarki ko hakimi in ya fita duba talakawansa, rangadi ya yi. Mai doki in ya fita da shi da la'asar don ya warware ƙafa, kilisa ya yi. Akwai ziyara, akwai farauta, akwai ƙaura, akwai hijira irin wadda Shehu Usmanu ya yi daga Degel zuwa Gudu a 1804. Kowace daga cikinsu, tun kafin ta gaya maka nisan hanya, ta riga ta gaya maka dalilin fita da abin da ake sa ran dawowa da shi. Falke riba, ɗan ci-rani ɗan abin da zai tari damina da shi, almajiri karatu, mafarauci nama, mai ziyara lada. Yara ma sun san wannan ƙa'ida, shi ya sa da matafiyi ya yi sallama, tsaraba suke fara tambaya. Tafiyar da ba ta da tsaraba, ta fili ko ta ɓoye, harshen bai san inda zai ajiye ta ba, sai ya tura ta gidan yawo. Maƙwabtan wannan gida kuwa ba na arziki ba ne: gantali, gararamba, ragaita, galantoyi. In an ce mutum ya cika yawo, an zage shi a fakaice. In an ce mace ta shiga yawon duniya, an gama da ita. Akwai yawon banza, akwai yawon dandi, akwai yawon ta-zubar, kai, har mai yaudararka cewa ake yana yawo da hankalinka.

In ana son yawo ya shiga cikin mutane, sai an sa masa riga. Yawon sallah zumunci ne ya rufa masa asiri, haka yawon arba'in da mai jego ke yi ta zaga dangi da jaririnta, yawon talla kuma neman halal. Wanda ya fara haɗa "yawon buɗe ido" ya san mutanensa sarai. Ya san in ya ce yawo tsurarsa, babu gwamnatin da za ta kafa masa ma'aikata ta ware masa kasafi, sai ya liƙa masa amfani a gindi, wato za a dawo da ido buɗaɗɗe. Marubutanmu ma haka suka yi. Da Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, littafin da ya rubuta kan tafiyar sai ya sa masa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano kuma ya kira nasa Motsi Ya Fi Zama. Sunayen biyu karin magana ne, amma kuma uzuri ne da aka gabatar tun daga bango. A 2015, lokacin da wani matashi ya taka daga Legas zuwa Abuja don murnar sakamakon zaɓe, ba wanda ya ce yawo ya yi. Tattaki aka kira shi, aka yi ta tarbarsa gari gari, domin alkawari ya ɗauka yake cikawa. Da ya ce ƙafarsa ce kawai ta yi masa ƙaiƙayi, da tun a Lakwaja an fara tambayar ko lafiyarsa ƙalau.

Wannan tsanani yana da tushe, kuma tushen ba wauta ba ne. Mutanen da suka gina harshen nan sun san hanya fiye da duk wani mai jakar goyo na yau. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja, ya kai kanwa da tufafi da jemammiyar fata ya dawo da goro daga Salaga, watanni yake kwashewa kafin ya ga gida. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya, ana biyan kuɗin fito a bakin Kwara, ana kai gaisuwa ga kowane sarkin da aka ratsa ƙasarsa, ana kwana zango zango da fargabar mahara. Sunan zango ya tsira har yau, daga Zangon Aya da ke kan hanyar Zariya, zuwa Zangon Kataf, har zuwa unguwannin Hausawa na Kumasi da Ankara. A dubi ɗan dako guda ɗaya cikin ayarin nan. Gammo a ka, kaya a ɗaure tamau a bisa, doguwar sanda a hannu. In an zo loko ba ya sauke kayan har ƙasa, don in ya sauke sai ya nemi mai aza masa. Sai ya jingina su a cokalin reshe, ya tokare da sandar, ya zame kansa daga ƙarƙashi, ya murza wuya, ya sha ruwan gora, kafin a ce a tashi. Wannan mutum, ka zo ka gaya masa akwai waɗanda ke ɗaukar kaya su hau tudu don jin daɗi, me kake jin zai ce? Gaisuwarmu ta yau da kullum daga bakinsa ta fito. "Ina gajiya?" muke tambaya, a amsa da "Ba gajiya," don gajiya baƙuwa ce da kowa ya san tana gidan kowa, ladabi ne kawai a musanta ta. Mai hawan dutse na zamani kuwa kuɗi yake biya ya sayo ta.

Ko wurin da ake ɗora kayan ma yana da magana. A wurin Bahaushe kai ne na kaya, baya na ɗa ne, shi ya sa da jakar nan mai igiya biyu ta shigo, sunan da ya zauna mata shi ne jakar goyo. Gbagyi kuwa, waɗanda Kaduna ta tarar a wannan ƙasa, matansu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, suna ganin kai ya fi ƙarfin a mai da shi jaki. Wato Bature da ya zo da kaya a doron baya bai zo wa bakin kogin nan da sabon abu ba.

Shi kuma dutse, kalma ɗaya ce ta ɗauki abin niƙa da abin guga da abin jifa da ƙaton tsaunin da ke tare rana. A tarihinmu aiki uku yake yi. Alama ce ga matafiyi, shi ya sa aka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Birnin ake nufa, Dala manuniya ce kawai. Mazaunin iskoki ne, kamar yadda labarin Barbushe da Tsumburbura ya nuna a Kano, kamar kuma yadda ake faɗa game da Kufena da Kwatarkwashi. Sannan mafaka ce. Gaskiya ɗaya da ba mu cika son tunawa ba ita ce, al'ummomi da yawa na kudancin jihar Kaduna, irin mutanen Kagoro, sun zauna a kan duwatsu ne saboda doki ba ya hawa dutse, mahayan da suke gudu kuwa daga wajenmu suke zuwa neman bayi. Wanda ya hau dutse a wancan zamani, ko dai gudu yake, ko tsafi ya kai shi. Wannan fahimta ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A 1850, matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, yana kan hanyarsa ta zuwa ƙasar Hausa, ya dage sai ya hau dutsen Idinen kusa da Ghat a Libiya ta yau. Buzaye suka ce masa fadar aljanu ce, ba a hawa. Ya tafi shi kaɗai, ya ɓace, ruwansa ya ƙare har ya kai ga tsotsar jininsa, sai washegari wani Buzu ya tsinto shi rai a hannun Allah. Ya rayu ya shiga Kano a 1851. Ko da aljanu ko babu, hukuncin Buzayen ya fi nasa daidai a ranar.

Daga nan ne wasu ke yanke cewa abin jinin Bature ne, mu ba a halicce mu da shi ba. Tarihin Turai kansa ya ƙaryata wannan. Ƙarnoni da dama mutanen da ke zaune a gindin tsaunukan Alps tsoronsu suke ji, suna ba da labarin dodanni a cikinsu, ba mai hawa sai makiyayi da mafarauci da mai fasa-ƙwauri. Ba a taka ƙololuwar Mont Blanc ba sai 1786. Ƙungiyar masu hawan tsauni ta farko an kafa ta a Landan a 1857, Thomas Cook kuma ya kai ayarinsa na farko na 'yan kallo Suwizalan a 1863. Abin da ya sauya a tsakani sananne ne: jirgin ƙasa ya zo, 'yan fashin hanya sun ragu, an sami ajin mutane masu albashi da hutu, waɗanda aikin zaune ya gundure su. Garin Interlaken, da ke tsakanin tafkin Thun da na Brienz, wanda yau matasan duniya ke kwarara cikinsa da jakunkunan goyo, su yini suna taka tudu, washegari su faɗo daga jirgin sama da laima, jikokin makiyayan shanu ne ke karɓar kuɗinsu. Kakanninsu da na ɗan dakonmu da sun haɗu, da bakinsu ya zo ɗaya a kan waɗannan baƙi. Ashe sha'awar hawan dutse ba gado ba ce, tsiro ne da ke fitowa inda hanya ta yi lafiya, ciki kuma ya ƙoshi.

Kaduna wuri ne mai kyau na gwada wannan magana, don gari ne da kowa ya zo shi da dalili. Ba ta da ganuwa, ba ta da Dala a tsakiyarta. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin saboda ruwa da layin dogo, aka taso da hedikwata daga Zungeru a 1917, soja da akawu da lebura da kuku suka biyo. Turawan sun zo da wasanninsu na hutu, folo da sukuwa da ƙwallon gora, suka shata musu filaye a arewacin kogi, har ƙaramar gadar ƙarfen da aka kafa a Zungeru a 1904 aka ciro ta aka dasa a lambun da muke kira Ƙofar Gamji, don masu shan iska su riƙa takawa. Folo ya karɓu nan da nan, saboda doki ne, doki kuwa sarauta ne. Tafiyar ƙasa ba ta karɓu ba, domin a idonmu mai tafiya a ƙasa shi ne wanda bai da abin hawa. Sai a 'yan shekarun nan abin ya fara juyawa. Duk wanda ya bi ta Dandalin Murtala da sanyin safiyar Asabar zai ga manyan mutane, alhazai masu tumbi da hajiyoyi da hijabi har ƙasa da takalmin kambas, sun ajiye motoci suna zagaye fili suna haɗa gumi, gorar ruwa a hannu, wani ma da carbi a ɗaya hannun. Amma ka tambayi ɗayansu, ba zai ce yawo yake ba. Motsa jiki yake, likita ne ya ce, saboda hawan jini ko ciwon suga. An sake samo wa ƙafa takardar izini, wannan karon daga asibiti.

Kalmar da ta fi ba ni sha'awa a duk wannan sha'ani ita ce laima. Daga Larabci ta shigo, daga sunan tanti, irin waɗanda alhazai ke kwana ciki a Mina. Da ta zauna a Hausa sai ta haifi 'ya'ya. Ita ce ake buɗa wa sarki a ka ranar hawa, kamar yadda aka jera su a Dandalin Murtala a babbar dabar 1977. Ita ce ta mai tsoron ruwan sama. Ita ce kuma wadda soja ke dirowa da ita daga jirgi, har muna cewa sojojin laima, irin waɗanda ake horarwa a Jaji. Wato ɗakin da mai jakar goyo ke kafawa a bakin tafki da abin da ke tare mai faɗowa daga sama, waɗanda wasu harsuna suka raba musu suna, Hausa ta gan su abu guda: ƙyalle ne da ɗan Adam ke shimfiɗawa tsakaninsa da abin da ya fi ƙarfinsa. Yadda masu wasan dirowa ke yi kuwa, ƙaramin jirgi ne ke ɗaga su kimanin mita 4,000, a zuge ƙofa, iska ta bugo. Sabon shiga a ɗaure yake a ƙirjin gwani, goyo ne aka juya gaba. Su sulmiyo, su yi ta faɗuwa da gudun da ya kai wajen kilomita 200 a sa'a, na abin da bai cika minti ɗaya ba, sannan gwanin ya ja igiya, laimar ta buɗe, ƙara ta ɗauke, su yi ta lilo har ƙasa. A bayansa akwai laima ta biyu da ƙwararre ya naɗe, da wata 'yar na'ura da za ta buɗe ta da kanta in mutum ya suma. Tun 1797 wani Bafaranshe, Garnerin, ya fara gwada irin wannan sauka a Faris daga balan-balan, abin da ya biyo baya duk gyara ne a kan gyara.

Mai hankali zai ce wannan ganganci ne, ya kuma kawo ayar Suratul Baƙara da ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Maganar tana da nauyi, ba a ture ta da wasa. Amma Hausa da kanta ta bambanta ganganci da kasada. Ganganci shiga haɗari ne ido rufe, kasada kuwa shigarsa ce bayan an yi lissafi, shi ya sa ake yaba ɗan kasuwa da cewa ɗan kasada ne. In da haɗari muke aunawa da gaske, da motar haya da ke tashi daga Kawo da mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, taya ta suɗe, direba bai yi barci ba, ita ce za ta fara amsa sunan ganganci. Ba ma kiranta haka, sai mu ce Allah ya kiyaye hanya mu shiga, don tafiyar tana da dalili. Ashe kalmar ba haɗari take aunawa ba, dalili take tambaya, tambayar dattijon Kawo ce ta sake dawowa da wata riga. Kuma kada mu yi kamar ba mu san wasa da rai ba. Hawan ƙaho namu ne: ɗan mahauta ya tari bijimi a fili, ya faɗa tsakanin ƙahoninsa ya rungume wuya, kalangu na tashi, mata na guɗa. Dambe namu ne, gardawa masu wasa da kura da maciji namu ne, sharo na maƙwabtanmu Fulani ne. Bambancin kawai, waɗannan suna da 'yan kallo da makaɗi da kirari, mai yi yana dawowa da suna, sunan kuwa tsaraba ce. Ta wannan fuska ma masu dirowa na yau ba su yi nisa da ɗan mahauta ba, tunda da wuya ka ga wanda ya faɗo daga jirgi ba da kyamara ba. Facebook da TikTok su ne kalangunsu.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko ciwo. A garin da magidanci ke takawa daga Rigasa zuwa Kasuwar Barci don kuɗin mota ya gagare shi, a ƙasar da mace ke yin rabin yini tana neman itace da ruwa, yabon tafiyar nishaɗi yana kama da cin fuska. Na yarda da rabin wannan. Wanda ya sayi takalmi da jaka na dubban nairori don ya ɗanɗani abin da talaka ke sha kullum kyauta, ya kamata ya ji ɗan nauyi, ya kuma rage surutu in ya dawo. Sai dai kuma hawan Kufena ba ya cin komai sai kuɗin motar Zariya, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, da ƙullin ƙuli-ƙuli da gorar ruwa, kuma yaran ƙauyukan gindin dutsen sun riga kowa sanin hanyoyinsa. Abin da ke raba tafiyar magidancin Rigasa da ta mai yawo ba nisa ba ne, ba nauyin kaya ba ne, zaɓi ne. Ɗaya dole ta sa shi, ɗaya ya ga dama. Maganin wannan rashin adalci shi ne magidancin ma ya kai matsayin da zai taka don ya ga dama. Ba na kuma ganin sai an naɗa wa yawo rawani kafin a yarda da shi. Gaskiya ne sufaye sun san siyaha, gaskiya ne kallon halitta daga bisa tsauni yana sa tafakkuri, alhazanmu ma kan hau dutsen da kogon Hira yake ba don yana cikin aikin Hajji ba. Amma malaman fiƙihu suna da babi na abin da ba lada ba zunubi, mubahi, kuma faɗinsa ya ishi mutum ya hau dutse ya sauko ba tare da ya kawo hujja ba.

Yanzu a koma ga abin da na ce tun farko. Jihar nan da maƙwabtanta ba su rasa wuraren zuwa ba. Ga madatsar Kangimi a ƙaramar hukumar Igabi, tafki shimfiɗe kusa da gari. Ga Turunku, inda ake danganta tarihin Sarauniya Amina, ga duwatsun Kajuru da ginin da wani Bajamushe ya ɗora a kansu a shekarun 1980, ga ruwan Matsirga da ke zubowa kusa da Kafanchan, ga gandun Kamuku a Birnin Gwari da aka mai da na ƙasa a 1999. Mai dogon zango yana iya nufar duwatsun Shere a Jos, ko Chappal Waddi a Taraba, mai tsawon mita 2,419, wanda babu tsaunin da ya kai shi a Nijeriya. Abin da ya tare hanya kowa ya san shi. Kalmar daji, wadda da take tuna mana farauta da kiwo da zuma da itacen girki, yau in an ce "an shiga da su daji" ba mai tambayar su wa, ko don me. A watan Maris na 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka, a bakin Mando, yaran da aka tura su koyi kula da daji aka kora su cikinsa da bindiga. A watan Agusta na shekarar aka kai hari makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA. Ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, na ƙarshen fasinjojin da aka kama ba su ga gida ba sai Oktoba. A Maris 2024 aka ɗebi 'yan makarantar Kuriga, aka same su a jihar Zamfara. Mafi tsawon tafiyar ƙasa da 'yan jihar nan suka yi a daji cikin shekarun nan, waɗannan bayin Allah ne suka yi ta, babu takalmi, babu guzuri, babu laima.

A irin wannan hali falke ba ya daina fita, don in ya zauna yunwa ce. Direba ba ya dainawa, mai kai gawa gida ba ya dainawa, manomi ma yakan saci jiki ya je gona ko da zai biya haraji ga wanda bai kamata ba. Duk tafiyoyin nan masu suna na mutunci suna ci gaba ko ƙasa na lafiya ko ba ta lafiya, saboda haka ba su iya ba da shaida a kanta. Yawo kaɗai ne ke tsayawa cak da zarar an ji ƙishin-ƙishin, domin babu abin da ke tura shi, shi ne kuma na ƙarshen dawowa. A ƙarshen 2024 gwamnatin jihar ta ba da sanarwar sulhu a Birnin Gwari, kasuwar shanu ta sake ci, manyan motoci suka koma hanya. Abin farin ciki ne, Allah ya ɗorar. Amma matar falke ko a zamanin mahara tana haihuwar jaki a yi murna, komawar ɗan kasuwa ba ta tabbatar da komai sai cewa buƙata ta fi tsoro ƙarfi.

Saboda haka, mai karatu da ke Malali ko Unguwar Dosa ko Badarawa, in ka ji an ce zaman lafiya ya dawo, kada ka tsaya ƙirga tirelolin da suka wuce. Ka ɗauka ɗanka ne ya zo maka da daddare ya ce, "Baba, mu biyar ne, za mu kafa laima a bakin ruwan Kangimi mu kwana ɗaya, ba wani abu za mu yi ba, yawo ne kawai." Ka bar shi ya tafi, ko ba ka bari?